Allura a Kan Fuska: Tarken Fasahar Ɗinkin Ado a Kan Tsofaffin Hotuna

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1839, lokacin da aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre ta ɗaukar hoto a birnin Faris, mutane ba su daina sa wa hoto hannu ba bayan an gama shi. Wasu sun shafa masa launi, wasu sun yanka shi sun liƙa a takarda, wasu kuwa sun wadatu da rubuta suna da kwanan wata a bayansa. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa yau sai ga wani rukuni na masu fasaha, galibinsu a Turai da Amurka, sun ɗauki allura da zare suna yi wa hoto ɗinkin ado kamar yadda maɗinki ke yi wa wuyan riga ko gefen hula. Ayyukansu sun shiga manyan zaurukan baje kolin zane-zane, an buga su cikin littattafai, har ɗaya daga cikinsu ta ci babbar kyauta ta duniya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wannan fasaha, watau ta auna ta, ta rarrabe aya da tsakuwa. Tambayar da za a bi ita ce: yaushe ne zare ke ƙara wa tsohon hoto ma'ana, yaushe ne kuma yake zama kwalliya kurum, ko ma ɓarna? Ma'aunin da za a yi amfani da shi guda ɗaya ne. Idan za a iya warware ɗinkin daga wannan hoto a mai da shi kan wani hoto dabam ba tare da an yi asarar kome ba, to, aikin bai wuce ado ba. Idan kuwa ɗinkin ba zai zauna ko'ina ba sai a kan wannan hoto, domin wani abu da ke cikin hoton ne ya kira shi, a nan ne za a ce an sami fasaha.

2.0 Asalin Al'adar

Kafin masu fasaha su shigo, matan gida ne suka fara. A Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, musamman a shekarun 1860, matan manyan gidaje irin su Lady Filmer sukan yanko kawunan 'yan'uwa da abokai daga ƙananan hotuna, su liƙa su a kan zanen da suka yi da hannunsu cikin kundin hotuna. Masanin tarihin hoto Geoffrey Batchen, a littafinsa Forget Me Not na 2004, ya tattara misalai masu yawa na hotunan da iyalai suka haɗa da gashin mamaci, ko furanni, ko ƙyalle mai ɗinkin ado, domin tunawa. Abin da ya nuna shi ne cewa mutanen wancan zamani ba su ga hoto shi kaɗai ya isa riƙe mamaci ba, sai an haɗa shi da abin da hannu zai taɓa.

Akwai kuma ɓangaren kasuwa. A ƙasar Sifen, cikin shekarun 1950 da 1960, an riƙa sayar wa 'yan yawon buɗe ido katunan gidan waya masu hoton 'yan rawa ko masu wasa da bijimi, an yi wa rigunansu ɗinki da zare mai sheƙi. Ya kamata a lura da abu ɗaya game da waɗannan katuna, domin shi ne zai bambanta su da abin da ya biyo baya: zaren yana tsayawa ne a kan tufafi, fuska kuwa a bar ta sarai. Ɗinkin yana yi wa mai hoton hidima, yana ƙawata shi.

Wadda ta juya wannan al'ada ita ce Bajamushiya Annegret Soltau, wadda aka haifa a 1946. A jerin ayyukanta mai suna Selbst, watau "kai", na 1975 zuwa 1976, ta ɗauki hotunan fuskarta ta bi su da zare, ta ɗaɗɗaure ido da baki da kunci kamar an kama su cikin saƙar gizo. Daga nan allura ta tashi daga kan riga ta koma kan fuska, ɗinki kuma ya tashi daga ƙawatawa ya koma magana.

3.0 Abin da Allura ke Yi wa Hoto

Ba za a fahimci wannan fasaha ba sai an san bambancin ƙyalle da takarda. Ƙyalle saƙa ce. Allura tana ratsa tsakanin zaruruwa, idan an zare ta sai su koma su haɗe, shi ya sa maɗinki ke iya warware kuskurensa. Takardar hoto ba ta da wannan haƙuri. Duk hujin da aka yi mata ya zauna ke nan, kuma idan huji biyu suka kusanci juna ƙwarai sai tsakaninsu ya yage, kamar yadda kan sarki ke rabuwa da ɗan'uwansa. Saboda haka masu wannan aiki sukan fara tsara zanen a kan takarda shara-shara da aka shimfiɗa bisa hoton, su huda ramukan tukuna, sa'an nan su bi su da zare. Aiki ne da ba ya karɓar gyara.

Daga wannan hali abubuwa uku suke fitowa. Na farko, allura tana mai da hoto tilo. Walter Benjamin, a maƙalarsa da aka fara bugawa a 1936, ya yi bayanin cewa abin da inji ke iya maimaitawa ba iyaka yana rasa irin kwarjinin da abu tilo ke da shi. Daga dodon hoto guda ana iya wanke ɗari, amma hannu ba ya ɗinka biyu su zo daidai. Na biyu, allura tana ƙara wa hoto lokaci. Ɗauka ƙiftawar ido ce, ɗinki kuwa kwanaki ne ko makonni, don haka mai kallo yana ganin lokaci iri biyu a fili ɗaya, na injin da ya yi sauri da na hannun da ya yi jinkiri. Na uku, allura tana yin rauni. Roland Barthes, a littafinsa La Chambre claire na 1980, ya kira ɗan abin nan da ke cikin hoto wanda yake sukar zuciyar mai kallo ba shiri da kalmar Latin punctum, wadda asalin ma'anarta huji ne na abu mai tsini. Manazarta da dama suna son kawo wannan kalma idan ana zancen ɗinki a kan hoto, amma akwai gyara a ciki. A wurin Barthes hoto ne ke sukar mai kallo, kuma ba da niyyar kowa ba. A nan mai fasaha ne ke sukar hoto, da gangan, a wurin da ya zaɓa. Watau yana nuna wa mai kallo inda zai ji zafi, wanda hakan yana iya zama jagora, yana kuma iya zama katsalandan.

4.0 Masu Hoton Gwanjo: Anzeri da Cockburn

Maurizio Anzeri ɗan Italiya ne, an haife shi a 1969 a Loano, wani gari na bakin teku inda maza ke gyaran taru da hannu, ya kuma yi karatun fasaha a Landan. Sunansa ya fito sosai bayan an nuna ayyukansa a zauren Saatchi a 2010, da kuma cibiyar Baltic da ke Gateshead a 2011. Hotunan da yake aiki da su na gwanjo ne, irin waɗanda aka ɗauka a ɗakunan masu hoto a shekarun 1930 da 1940, mutanen da ba wanda ya san sunansu yanzu. Yakan miƙa zaruruwa masu launi daga wannan huji zuwa wancan, a jere, a matse, har su zama wani lulluɓi mai kusurwoyi da ya rufe fuska, sau da yawa ya bar ido ɗaya ko baki a buɗe. Bayan haka ya raɗa wa mutumin sabon suna, kamar Giovanni ko Rebecca.

A mafi kyawun ayyukansa ɗinkin yana bin ƙirar fuskar da ke ƙarƙashinsa. Zaruruwan suna tasowa daga ƙwayar ido, ko su bi karkatar wuya, ko su amsa tsagar gashin kai, ta yadda ba za a iya ɗauke su a kai wata fuska ba. Idon da aka bari a buɗe yana samun ƙarfin da ba shi da shi a da, kamar yadda idon basarake ke ƙara kwarjini idan amawali ya rufe baki. Mutumin da ya je gaban mai hoto ya gyara zama don a gan shi yadda yake so, yanzu ga shi yana leƙe ta bayan labule, kuma mai kallo yana jin cewa akwai abin da hoton farko ya ɓoye. Rauninsa shi ne maimaici. Idan aka jera ayyuka ashirin, dabarar ido ɗaya takan zama sananniya, sai mai kallo ya daina ganin mutanen, ya koma ganin Anzeri kawai.

Julie Cockburn, 'yar Ingila da aka haifa a 1966, ta karanci sassaƙa ne, kuma hannunta ya fi na kowa tsabta a wannan fage. Takan rufe fuskokin hotunan tsakiyar ƙarni na 20 da da'irori da ɗigo-ɗigo masu cikakken launi, ɗinki lafiyayye wanda daga nesa sai a ɗauka fenti ne. Tana da ido wajen zaɓen launi, domin takan ɗebo shi daga rigar mai hoton ko daga bangon da ke bayansa. Amma a nan ne ma'aunin da aka kafa a sama ya fi yin tsanani. Da yawa daga cikin da'irorinta za su zauna daram a kan kowace fuska mai irin wannan zama. Mai hoton ya zama shimfiɗa, abin kallo shi ne haɗuwar launuka. Aiki ne mai daɗin gani, amma daɗinsa na tsari ne, kuma da an yi shi a kan farar takarda ba duka zai rasa ba.

5.0 Masu Hoton Gida: Bénitah da Meyer

Carolle Bénitah an haife ta a Kasabalanka ta ƙasar Maroko a 1965, cikin iyalin Yahudawa, ta yi rayuwarta ta girma a Faransa, ta rasu a 2024. Ta yi shekaru tana aikin tsara tufafi kafin ta koma ga hoto. Babban aikinta shi ne Photos-Souvenirs, watau hotunan tunawa, wanda ya fito a littafi a 2016. Hotunan na gidansu ne: ita da 'yan'uwanta, bakin teku, makaranta, taron iyali. Zaren da ta fi amfani da shi ja ne, wani lokaci da duwatsun ado. A wasu hotuna takan rufe fuskokin yara da jan zare, ta bar bakin zaren yana reto har ya gangaro ƙasan hoton. A wasu takan ɗaure mutum biyu wuri guda, ko ta kewaye ɗaya ta ware shi.

Ƙarfin wannan aiki yana cikin zaɓen makami. Ɗinkin ado shi ne abin da ake koya wa 'ya mace a irin gidan da ta tashi, don ta zama mai natsuwa da biyayya. Da wannan allura ɗin ta koma kan kundin hotunan gida, wanda shi ma aikinsa nuna cewa kome lafiya, ta rubuta abin da murmushin bai faɗa ba. Kowane ɗinki yana da dalili a cikin hoton, domin ta san wanda ke tsaye a dama, ta san abin da ya faru bayan an ɗauka. Mai kallo ba ya bukatar a gaya masa labarin, launin jan da wurin da ya faɗa sun isa.

Diane Meyer, Ba'amurkiya, ta bi wata hanya. Tana amfani da ɗinkin gicciye, inda kowane ɗinki ke zama ɗan ƙaramin murabba'i, kuma tana zaɓen zare mai launin daidai wurin da zai rufe. Sakamakon shi ne wannan sashe na hoton ya dushe, ya zama kamar hoton kwamfuta da aka faɗaɗa har ƙwayoyinsa suka fito. Ta yi haka a kan hotunan ƙuruciyarta, ta kuma yi a jerin da ta kira Berlin, inda ta bi sawun katangar da ta raba birnin Barlin daga 1961 zuwa 1989, ta ɗauki wuraren yadda suke bayan rushewarta, sa'an nan a yawancinsu ta ɗinka inda katangar take a da. Ta cikin ɗinkin ana hango itatuwa da gidaje dishi-dishi. Katangar ta tafi, amma ga ta tana tare ido. Wannan ɗinki ba shi da wurin zama sai nan, domin taswira da tarihi ne suka ajiye shi. Ga ma'aunin wannan maƙala, aikin Meyer da na Bénitah su ne suka fi cika.

6.0 Choumali da Batun "Aikin Mata"

Joana Choumali, wadda aka haifa a Abijan a 1974, ta nuna cewa tsufan hoto ba sharaɗi ba ne. Makonni uku bayan harin da aka kai garin Grand-Bassam na ƙasar Kodebuwa ran 13 ga Maris 2016, ta zaga garin tana ɗaukar mutane da wayar hannu, aka buga hotunan a kan ƙyalle, ta riƙa bin su da zare mai haske. Ta kira jerin Ça va aller, kalmar da mutanen ƙasar ke rufe zancen baƙin ciki da ita, kusan yadda Bahaushe ke cewa "sai haƙuri". Da wannan aiki ta ci kyautar Prix Pictet a 2019, ita ce kuma 'yar Afirka ta farko da ta ci. Da yake a kan ƙyalle take ɗinki, allurarta ba ta yaga, ta fi kusa da ta mai ɗinke rauni.

Masu tarke na Turai sukan fassara duk wannan fasaha da mahangar littafin Rozsika Parker, The Subversive Stitch, na 1984, wanda ya nuna yadda aka mai da ɗinkin ado alamar mace tagari a Turai, aka kuma fitar da shi daga sahun manyan fasahohi. Wannan fassara ta dace da Soltau da Bénitah sarai. Kuskure ne dai a ɗauke ta a matsayin hukuncin duniya baki ɗaya. A ƙasar Hausa ɗinkin babbar riga, da aska biyu da aska takwas da tambari, sana'ar maza ce tun asali, galibi malamai da almajirai, kamar yadda binciken David Heathcote a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970 ya tabbatar, ko da yake daga baya mata, musamman a Birnin Zariya, sun shiga aikin sosai. A nan ɗinki alamar daraja da sarauta ne. Ke nan mai kallo Bahaushe ba lalle ne ya ga tawaye a cikin zare ba, yana iya ganin girmamawa. Ma'anar allura tana bin al'adar mai riƙe da ita da ta mai kallonta, kuma Anzeri, wanda ya fito daga garin masunta, shaida ne a kan haka daga cikin Turai kanta.

7.0 Matsalar Amana

Saura tambaya mafi nauyi, wadda masu baje koli ba su cika son tsayawa a kanta ba: wa ke da ikon huda fuskar wani? Akwai abin lura a nan. Bénitah, wadda hotunan na gidansu ne, ba ta huda na asali. Takan sa a sake buga su a sabuwar takarda, ta yi ɗinkinta a kan kwafin. Meyer da Choumali su ma a kan abin da suka buga suke aiki. Anzeri da Cockburn kuwa, waɗanda ba su san mutanen ba, a kan hoton asali suke ɗinki, wanda mai yiwuwa shi kaɗai ya rage a duniya, dodonsa ya daɗe da ɓacewa. Wanda ya san mai hoton ya ji nauyin taɓa shi, wanda ya saye shi a gwanjo bai ji ba.

Masu kare su suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Hoton da ya kai kasuwar gwanjo ya riga ya rasa danginsa, abin da ke jiransa shi ne kwandon shara, don haka wanda ya ɗauke shi ya rataya a zaure ya cece shi. Gaskiya ne, amma ceton yana da farashi. Abin da ya tsira shi ne takardar; fuskar an rufe ta, sunan an sauya shi, kuɗin da yabon kuma sun tafi ga wani. Tsohon hoto shaida ne kafin ya zama kayan aiki: yana ɗauke da ɗinkin rigar zamaninsa, da gyaran gashi, da tambarin mai hoto a baya. Masanin tarihi yana iya karanta waɗannan ko da ba a san sunan mutumin ba.

Wannan batu ya fi tsanani a Afirka ta Yamma, inda zafi da laima da gara suka riga suka cinye da yawa daga abin da masu hoto suka bari. Darajar da hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako suka samu a duniya ta samu ne domin dodanninsu sun tsira. Malamin fasaha da ke son koya wa ɗalibansa wannan aiki zai kyauta idan ya bi tafarkin Bénitah, watau a sake buga hoton kaka a huda kwafin, na asali kuwa a mai da shi cikin adaka.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ɗinki a kan hoto ya taso daga al'adar tunawa ta cikin gida da katunan kasuwa, ya zama fasaha mai magana lokacin da allura ta hau fuska. An ga kuma cewa ƙwarewar hannu ba ta isa ta zama ma'auni ba, domin Cockburn ta fi Bénitah tsabtar ɗinki, amma Bénitah ta fi ta abin faɗa. Inda hoton ne ya kira zaren, ta hanyar sanin mai ɗinki da mutanen ciki, ko ta tarihin wurin, ko ta ƙirar fuskar kanta, aikin yana tsayawa da ƙafarsa. Inda zaren ya zo da tsarinsa tun daga gida yana neman inda zai sauka, hoton ya zama ƙyalle kurum, kuma an yi asarar shaida ba a sami ma'ana ba. Fage ne da ke bukatar ƙarin nazari, musamman ta fuskar yadda al'ummomin da ɗinki ke nufin daraja a wurinsu za su karanta shi, da kuma ƙa'idojin da ya kamata gidajen adana kayan tarihi da makarantun fasaha su shimfiɗa kafin a ɗora allura a kan hoton da ba shi da na biyu.